Shaidar Cinikin Jar Mota

Shekarar da aka yi ƙwallon duniya a nan Doha ce. Ba na mantawa, domin filin wasan nan mai kama da tagiya yana bayan gidan da nake aiki a Al Thumama, kuma duk lokacin wasannin sai na yi dogon zagaye kafin in shigo da mota layinmu, saboda an tare hanyoyi. A shekarar ce ban samu hutu ba. Maigidana, wanda a nan ake ce wa kafil, ya ce baƙi sun yi yawa, in yi haƙuri, da an yi ƙaramar salla zan tafi gida, shi zai yankar mini tikiti. Na ce to. Ni ne direban gidan, na daɗe tare da su, kuma jira ba baƙon abu ba ne a wurina. Na jira a ƙofar makaranta, na jira a ƙofar asibiti, na jira a ƙofar kanti.

Abin da ya sa hankalina yake gida shi ne Baba. Mahaifina dillali ne a karar shanu ta garinmu, can wajen Maigatari, tun kafin a haife ni. Tsufa ya zaunar da shi, daga baya kansa ya fara rikicewa. Ƙanwata da ke kula da shi ta ce wani lokaci yakan tashi da safe ya nemi sandarsa wai za shi kasuwa, alhali ranar ba ta kasuwa ba ce. Wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarmu da ta rasu. Amma ni yana gane muryata a waya. Ina yin sallama zai kira sunana, ya tambaye ni ko ana ruwa a inda nake. Duk ranar da muka yi waya, kafin ta kashe sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ka zo tun yana gane ka."

Ana cikin haka autan maigida ya sayi jar mota. Saurayi ne, ya gama karatu a waje ya dawo ya kama aiki. Ba shi da mugun hali. Yana ce mini ammi, wato baffa, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Motar kujera biyu gare ta, ƙasa-ƙasa take kamar an danne ta da hannu. In ya zo tudun da ake yi a titi don rage gudu, sai ya karkace ya haye a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ni nake wanke ta. In na shiga don in gyara mata tsayuwa, gwiwoyina sai su kusa taɓa haɓata.

Bai yi nisa da ita ba ya ce ƙarfinta bai ishe shi ba. Wani abokinsa yana da irinta, kuma tasa ta fi ƙara, ta fi gudu. Wata safiya ya ce in biyo shi da babbar motar gida zuwa wurin dilan da ya sayar masa, zai bar jar a can in dawo da shi. Da muka isa bai ce in jira a waje ba, don haka na shiga na tsaya bayan kujerarsa. Mai sayarwar mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo gahawa har da ni. Larabcina na titi ne, amma ya ishe ni in bi maganarsu. Za su canza salansa, su canza bututun da inji ke shan iska, su kuma zuba wa kwamfutar motar wani sabon tsari da zai sa injin ya ba da ƙarfin da ya wuce wanda ya zo da shi.

Saurayin ya tambayi garanti. Mai sayarwar ya ce babu damuwa. Saurayin ya sake tambaya, ya ce in injin ne ya samu matsala fa? Mutumin ya ɗora hannu a ƙirji.

"Mu za mu saka da hannunmu, a garejinmu. Ko inji ne ya lalace, mu ne. Khalas, magana ta ƙare."

Suka yi musafiha. Saurayin ya waiwayo yana dariya ya ce, "Ka ji, ammi?"

Na ce, "Na ji."

A wurinsa wasa ne, irin wanda ake yi da dattijo don kada ya ga an manta da shi a tsaye. A wurina ba haka ba ne. A kara, in Baba ya ƙulla ciniki, yakan kama hannun mai saye ya sa a na mai sayarwa, sannan ya juya ga wanda ke kusa ya ce, ka ji? In ka ce ka ji, ka shiga ciki ke nan. Gobe in saniyar ta fito da ciwon da aka ɓoye, ko aka ce ta sata ce, dillali za a nema, da kai. Kuma ba a zuwa a tarar ka yi tafiya. Ina yaro na ga Baba ya sauko daga motar da za ta kai shi bikin ɗan'uwansa a Haɗeja, kayansa na kan motar, don an zo an ce bijimin da ya shaida cinikinsa ya kwanta. Motar ta tafi ta bar shi. Babu wanda ya ga ya yi wani abin mamaki.

Jar mota ta dawo da sabuwar murya. In ya tayar da ita da safe, tattabarun maƙwabcinmu sai su watse gaba ɗaya. Uwar gida ta ce kofunan gahawarta suna rawa a kan tire. Shi kuwa fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya ce in shigo ya ɗana ni, na ce masa ina da iyali.

Ana saura kaɗan a fara azumi ya kira ni bayan la'asar. Yana gefen babban titin da ke zuwa kudu, wajen da samari ke fita shan iska. Na nemo janwe muka je. Baƙin mai ya malale a kan kwalta, wurin yana ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Injin ya buga. Yana tsaye ya riƙe ƙugu, ya ce, "Ba komai, ammi, akwai garanti."

Dila ya karɓi mota. Aka ce za a duba. Aka ce an duba, za a aika wa masana'antar da ta ƙera ta, can ƙasarsu. Daga nan amsa ta zo cewa masana'anta ba za ta biya ba.

Ranar da maigida ya ji, ina bakin ƙofar ɗakin baƙi, na kawo makullai. Yana yi wa ɗansa faɗa a hankali, irin faɗan da ya fi tsawa ciwo. Ɗan ya ce ai sun ce masa garanti yana nan. Maigida ya ce, "Sun ce. Wa ya ji sun ce?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Ni na ji, ya shaikh."

Ya dube ni. "Za ka faɗa a gabansu?"

"Ko a gaban alƙali."

Ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Sai ya ce hutuna fa, ba bayan salla ba ne? Na ce in maganar ba ta ƙare ba zan jira. Ya ce, "Tikitinka yana nan, kai ka sani." Gaskiya ita ce bai tsare ni ba. Babu wanda ya riƙe mini fasfo, babu wanda ya ce kada in tafi.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na kira gida. Na yi sa'a, ranar kan Baba garau yake. Na ba shi labari daga farko. Yana saurare, ina jin kukan akuya a bayansa.

"An ce maka ka ji?"

"An ce, Baba."

"Ka ce ka ji?"

"Na ce."

"To me kake tambayata? Zauna. Shanu nawa ne?"

"Ba shanu ba ne, Baba, mota ce."

"Ko jaki ne."

Ƙanwata ta karɓe wayar. "Yaya, shi da jiya ya ce in ɗaure masa saniyar da aka sayar tun ina goye, shi ne za ka biye wa?" Na ce mata 'yan makonni ne kawai. Ta ce Allah ya sa, ta kashe.

Aka yi salla, ban tafi ba. Zafi ya shigo, irin zafin garin nan da in ka taɓa sitiyari sai ka janye hannu. Ni aka ɗora wa zirga-zirgar zuwa wurin dila, tunda maigida ba shi da lokaci, ɗan kuma kunya ta hana shi. In na je sai a ce in zauna. Ɗakin jiran yana da sanyi har ya yi yawa, akwai injin shayi, akwai talabijin da ke nuna motoci suna tsere a kan dutse. Daga taga ina hango jar motar a can ƙarshen fili, an lulluɓe ta, ƙura ta mai da lulluɓin ruwan ƙasa. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da wani mutumin kudancin Kaduna, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, yake yi mana ranar Juma'a da yamma a unguwar Najma. Muna ce masa Ticha. Sai in riƙa haɗa baƙaƙen da ke jikin bango ina karantawa a zuci, har a zo a ce mini manaja ya fita, in dawo mako mai zuwa.

A wurin dilan akwai wani ɗan zangon Kumasi da ke wanke motocin da aka gama gyarawa. Tun ranar farko da ya ji ina waya da Hausa ya jefar da tsumma ya zo muka gaisa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, mota ma a bakinsa namiji ce. Da ya ji abin da ke kawo ni, sai ya sa mini suna. Ina shigowa zai ɗaga murya, "Shaida ya zo! A shimfiɗa wa shaida tabarma!"

Wata Juma'a bayan aji muka haɗu da ɗan Kumasi a gidan abinci a Najma, inda 'yan ƙasarsu suke sayar da shinkafa da wakensu mai ja. Na tambaye shi, tsakani da Allah, me ya hana a biya? Ya jawo kofi biyu ya ajiye a gabana.

"Alaji, duba. Wannan masu ƙera mota ne. Su sun tsaya wa inji, amma yadda ya fito daga hannunsu. Wannan kuma dila ne. Shi ya tsaya wa abin da ya saka, salansa da abin da ya zuba a kwamfuta. Salansa ya lalace?"

"A'a."

"To dila ya ce nasa lafiya lau. Masu ƙera kuma sun ce an sa injinsu ya ja abin da ba su yi shi don ya ja ba, kuma kayan da aka saka na wani kamfani ne, ba su san da shi ba. Akwai ƙarin ƙarfi wanda su masu ƙera suka yarda da shi, amma kaɗan ne, ba ya tashin tattabaru. Yaronku ya zaɓi mai tsawa."

Na ce amma mutumin ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce ko inji ne su ne.

"Wane mutum? Mai fara'an nan? Ai ya bar aiki tun cikin azumi, ya koma wani ƙasa."

Na ajiye cokali. Shi a ganinsa maganar ta mutu ke nan. Ni kuma a ganina ta ƙara nauyi, tunda wanda ya faɗa ya tafi, saura wanda ya ji. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Alaji, a nan mota ne ke ba da shaida da kansa. Je ka gida ka ga tsohonka."

Ban ji haushinsa ba, amma ban ɗauki maganar ba. Na ce a raina yaron birni ne, bai taɓa tsayawa a kara ba.

Babbar salla ta zo ta wuce. A gida damina ta sauka, ƙanwata ita ce gona, ita ce jinya. Wayar da nake yi da Baba ta fara canzawa. In na yi sallama sai ya amsa, in ji yana tambayarta a gefe, wa ke magana? In ta faɗa masa sai ya ce, af, ya kira sunana. Daga baya ko ta faɗa, sai ya ce to, a gaishe shi. Na yi niyyar in je in sami maigida in ce zan tafi. Na kai har ƙofar ɗakin baƙi. A ranar ne ɗan ya ce mini an sa ranar zama da babban manaja, mako mai zuwa. Na koma ɗakina. Makon ya zo aka ɗaga, manaja yana hutu. Su ma suna zuwa hutu.

Sai da zafi ya fara sauka aka yi zaman. Na sa farar kaftanina ta salla. Na shirya maganata da Larabci, Ticha kuma ya koya mini yadda zan faɗe ta da Turanci ko da manajan ba Balarabe ba ne. Na yi ta maimaitawa a mota har na haddace: ranar kaza, ina tsaye a bayan kujera, ya ɗora hannu a ƙirji.

Ofishin yana sama, bangonsa gilashi ne. Maigida da ɗansa suka shiga, aka nuna mini kujera a waje. Ina ganin komai, ba na jin komai. Can na ga maigida ya nuno ni da hannu. Na miƙe, na gyara hula. Manajan ya dube ni ta cikin gilashi, ya yi murmushi irin na mutunci, ya girgiza kai, sannan ya juya allon kwamfutarsa ya fuskanci maigida. Ya riƙa bin wasu layuka da bakin biro. Na daɗe a tsaye kafin na gane ba za a kira ni ba. Na koma na zauna.

Da suka fito maigida ya ce, "Khalas. Yalla, mu tafi."

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Ɗan yana kallon taga. Sai maigida ya fara bayani, kamar da kansa yake yi. Manajan ya ce bai ƙaryata kowa ba, mai yiwuwa ma'aikacinsu ya faɗi hakan, kuma in ya faɗa ya yi kuskure. Amma masana'anta ba ta aiki da abin da wani ya ji. Kwamfutar motar ta riƙe ranar da aka canza mata tsari, ta riƙe duk lokacin da aka taka ta ta wuce iyakarta, kuma da wannan suke hukunci. Dila zai yafe kuɗin aiki, maigida zai sayi sabon inji. Maigida ya ce shi ya gaji, ya yarda.

Muna tsaye a danja ya dube ni ta madubi.

"Kai, wai har yanzu ba ka tafi hutun nan ba?"

Na ce ban tafi ba.

"Me ya hana ka?"

"Shaidar, ya shaikh."

Ya ɗan yi tunani, sai na ga ya tuna. Ya dafa goshi. "La haula. Ai da ka tafi abinka. In ana bukatarka sai mu kira ka a waya."

Danja ta ba da hannu, na ja mota. A makon ya yankar mini tikiti, ya ƙara mini kwanaki a kan hutun, ɗan kuma ya kawo mini turare da agogo in kai wa Baba. Ba su yi mini rowa ba.

Na isa gida ana girbin gero. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, sandarsa a gefe, ya rame amma fuskarsa tana nan. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, baƙo. Saye ko sayarwa?"

Ƙanwata tana tsaye a bakin zaure. Ya juya ya ce mata ta kawo wa baƙo ruwa.

Duk hutun a tabarmar nan na yi shi. Kullum da safe sai mu gaisa sabuwa. Yana son hira da ni, ya ce ina da natsuwa. Na ɗaura masa agogon, ya yi ta juya hannu yana kallo. Wata rana da hantsi na ba shi labarin jar mota tun daga farko, ban ce ni ne ba, na ce wani direba ne. Ya saurara har ƙarshe. Da na kai wurin da mutumin ya fasa tafiya gida don ya ce ya ji, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wannan ya san ciniki. Ɗan wane ne?"

Na ce ɗan wani dillali ne. Ya ce ai dole.

Na dawo Doha, ina gidan har yanzu. Baba yana da rai, ina kira, ƙanwata tana kara masa wayar a kunne, yana amsa sallama. Ɗan Kumasi ya daina ce mini shaida tun ranar da na ba shi labarin gida.

In an ƙirga abin da aka rasa, ba shi da yawa. Maigida ya rasa inji ɗaya, ya sayi wani. Ɗansa ya rasa jar mota, domin ana gama gyara aka sayar da ita. Dila ya rasa cinikin gidanmu. Ƙanwata ta yi damina ɗaya ba mataimaki. Ni na rasa hutun ƙaramar salla, da jin sunana a bakin Baba.